Ranar da Inna Ta Je Karɓo Gashina

Shekarun baya, lokacin da nake karɓar maganin ciwon daji, saura ƙiris mahaifiyata ta kashe wa wata baiwar Allah sana'a a kan gashin kaina. Da yawanku kun sha tambayata ta saƙo yadda na ji da gashina ya zube. Gaskiya ban ma samu sukunin yi masa kuka yadda ya kamata ba, wata rigimar ta sha gabansa. Yanzu da na warke, komai kuma ya lafa, bari in ba ku labarin.

Ni haifaffiyar Libreville ce, a unguwar Akébé na tashi, a nan na yi aure, ina koyarwa a wata firamare. Mahaifiyata kuwa tun bayan rasuwar mahaifinmu ta tattara ta koma Garwa, ta ce ta gaji da garin da ruwan sama ba ya hutawa. Da aka tabbatar min da ciwon a nono ba mu ɓoye mata ba. Ta hau mota ta ƙetaro iyaka, ta iso mana ƙafafu a kumbure, da ƙullin kuka da daddawa kamar an ce mata yunwa ce ciwon nawa. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "'yar nan".

Can Akanda nake zuwa asibiti ana sa min maganin ta jijiya, wanda a nan muke kira shimiyo. Tun ranar farko likitar ta gaya min gashina zai zube, har gira ma tana iya tafiya, amma in an gama zai dawo. Na fassara wa Inna. Ta dubi likitar, ta dube ni, ta ce, "Maganin da ake sa wa a hannu, me ya haɗa shi da kai?" Wannan ban fassara wa likitar ba.

Wata nas ta kwatanta min shagon da ake sayar da gashin ɗorawa. Da na kawo zancen a gida, Inna ta ajiye carbinta ta ce, "Gashin wata matar da ba ki san ko da rai aka yanke ko a mace ba? Ki yi salla da shi? Ba a gidana ba." Gidana ne fa. Ranar maƙwabciyata mai kitso tana zaune, ta zo duba ni, duk a kunnenta aka yi.

Ita wannan mai kitson 'yar Maraɗi ce, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Mijinta ya rasu ya bar mata yara, da kitson take ci da su, take biyan haya. Ɗakinta yana bayan shagon wasu teloli, da 'yar baranda a gaba, kuma kusan duk matan Hausawan unguwarmu a wannan barandar ake yi musu kitso, har daga unguwar PK8 ana hawo taksi a zo. Tun ina budurwa take yi min, ita ta yi min na aure. Ga ta da surutu, kafin ta gama kai ɗaya ta ba ki labarin rabin Akébé.

Ga 'yan yanzu da ba su sani ba, a wurinmu in mai kitso ta taje miki kai, gashin da ya fita a jikin kum tattarawa take yi ta dunƙule ta sa miki a tafin hannu. Ke za ki san yadda za ki yi da abinki, ko ki binne ko ki ƙona. Ba a barin gashi a hannun wani, don tsoron kada a yi wa mutum wani abu da shi. Ni dai karɓa nake in jefa a jaka don kada a ce ba ni da tarbiyya, amma Inna ba ta wasa da wannan ko kaɗan.

Bayan shimiyon farko da ɗan lokaci fatar kaina ta fara ciwo, kamar an ja min kitso da ƙarfi an ƙi saki. Da safe kuma ina ganin gashi kaɗan-kaɗan a kan matashi. Na aika wa Yaya ta zo gida ta tsefe min, ta yi min wani mai sauƙi. Ta zo da yamma, na zauna a tabarma tsakanin gwiwoyinta, Inna tana gefe tana yankan kuɓewa. Yaya ta fara tsifa tana ba mu labarin wani biki da za a yi a PK8, tana dariya. Can sai na ji labarin ya tsaya a tsakiya. Hannunta bai tsaya ba, bakin ne ya mutu.

Na ce, "Yaya, lafiya?"

Ta ce, "Lahiya lau. Yau ba mu yin kitso, mu bar kai shi sha iska."

Da kanta ta ɗauki ɗankwalina ta ɗaura min, ta daɗe tana gyara shi ta goshi da ƙeya. Ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta. Ko kunun da Inna ta zuba mata ba ta taɓa ba.

Tana fita Inna ta ajiye wuƙa ta ce, "Ina gashin?"

"Wane gashi?"

"Wanda ta taje. Buɗe hannunki in gani."

Sai a lokacin na lura ba a sa min komai a hannu ba. Na duba tabarma, fes. Inna ta ce da idonta ta ga matar nan tana dunƙule shi tana turawa ƙarƙashin cinyarta, da za ta tashi kuma ta ƙulle shi a bakin zaninta ta soke a ƙugu. Na ce ƙila mantawa ta yi. Inna ta ce, "Mai mantuwa ba ta ƙullewa."

Na shiga ɗaki na cire ɗankwali a gaban madubi. An gaya min, na karanta a takarda, na ɗauka na shirya. Ashe ban shirya ba. Gefen kaina na dama fata ce tsirara, tsakiya kuma 'yan tsiraru ne nan da can. Na zauna a bakin gado. Cikin 'yan kwanaki ragowar ma ya bi ruwan wanka, gira ta fara sirancewa. Na daina cire ɗankwali ko a ɗaka, da shi nake kwana, maigidana ma ban yarda ya gani ba.

Ita kuwa Inna duk gashin da ya faɗi ƙarin hujja ne a wurinta. Ta ce, "Kafin ta taɓa kanki haka yake zuba?" Na ce kaɗan-kaɗan ne. Ta ce, "To." Na tuna mata maganar likita, ta ce likita ba ta ga abin da ita ta gani ba. Na ce shekara da shekaru matar nan take riƙe kaina, me za ta nema a wurina yanzu? Ta ce ita ba ta san zuciyar mutane ba, abin da ta sani an fita da gashin 'yarta daga gidan nan a ƙulle.

Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada maganar ta fita. Mu nan ba mu da yawa, kowa ya san kowa. In aka ce da safe wance tana tafiya da gashin mutane, kafin la'asar ta kai PK8, kuma babu macen da za ta sake ajiye kanta a cinyarta. Ba sai an tabbatar ba, a faɗa kawai ya isa. Na gaya wa maigidana, ya ce in bar Inna, kwana biyu za ta manta. Shi bai san wadda ta haife ni ba.

Sai na yi dabara irin ta 'yan boko. Na ce bari in kira Yaya a gaban Inna, in buɗe murya kowa ya ji, magana ta ƙare. Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, gashin nan na rannan, ina kika kai shi?"

Shiru. Har na duba ko wayar ta katse.

Can ta ce, "Wane? Au, wannan. Ai na share shi, na zubar. Kar ki damu kanki da wannan, ke dai ki ci abinci."

Na kashe wayar ban iya kallon Inna ba. Ta ɗauki buta ta fita alwala. Ni da na shirya wanke mutum, sai ga shi na ƙara shafa mata baƙi. Kuma in faɗi gaskiya, ni ma shakka ta kama ni. Ban yarda da zancen asiri ba, amma na san ƙarya ta yi min, ban kuma san dalili ba.

Ranar wata Juma'a aka sake sa min magani. Washegari ina kwance ina fama da amai, ko ruwa ba ya zama. Wajen azahar barci ya ɗauke ni. Da na farka gidan ya yi tsit, babu ƙarar rediyon Inna, babu motsin kwano. Na leƙa bakin ƙofa, takalminta ba ya nan. Babban mayafinta na zuwa unguwa shi ma ba ya kan ƙusa. Sai na tuna Lahadi ake bikin nan na PK8, yau kuwa Asabar, ranar da barandar Yaya take cika maƙil.

Ban san da wane ƙarfi na tashi ba. Na zura hijabi a kan ɗankwali, na sa silifa. Daga gidanmu zuwa can ba nisa, amma an yi ruwa da safe, hanya duk taɓo, ga gangara. Ina tafiya ina dafa bangon mutane. A gadar katakon da ke kan kwata na tsaya na yi amai, wani mai gyaran babur ya ce, "Madam, a kira taksi?" Na girgiza kai na wuce. Addu'ata ɗaya, Allah ya sa ta tsaya gaisawa da wani a hanya.

Ba ta tsaya ba. Da na zagayo bayan shagon telolin na hango ta tsaye a bakin baranda, ko takalmi ba ta cire ba. Mata sun cika benci da tabarma, wasu an gama musu, wasu kai a tsefe suna jira. Yaya tana kan kujerarta da kan wata a gabanta, an kai rabi.

Yaya tana cewa, "Inna, ku shigo daga ciki mu yi magana. Mi ya yi zahi?"

Inna ta ce, "A nan zan tsaya. Gashin 'yata na zo karɓa."

Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Surutun barandar ya ɗauke. Na ce, "Inna, don Allah mu je gida." Ko waigowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Na gan ki kin ƙulle shi a zani. An tambaye ki kin ce kin zubar. In kin zubar nuna min wurin. In yana nan ki ba ni."

Na ga wata a kan benci ta buɗe hannunta ta dubi gashinta da aka dunƙule mata, ta yi maza ta tura shi cikin riga. Wadda ake wa kitso kuma ta ɗan janye kanta daga cinyar Yaya. A nan na san magana ta riga ta fita.

Yaya ta dube ni, ta ga yadda nake riƙe da ginshiƙi. Ta ajiye tsinken kitso ta shiga ɗaki. Ina jin ƙarar akwati. Ina fata ta fito hannu wofi, ina kuma tsoron ta fito hannu wofi. Ta fito da wani tsohon gwangwanin madara, ta buɗe, ta jawo abin da ke ciki.

Wani baƙin ƙyalle ne siriri mai tsawo, an ɗinke gashi a jikinsa da baƙin zare, ga allura a soke. Wata ta ce, "Innalillahi!" Wata ta jawo 'yarta jikinta. Wadda ake wa kitso ta miƙe tsaye, ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso, ta ɗauki jakarta. Inna ta ja baya taku ɗaya tana karanto addu'a a fili. Gashi da baƙin zare da allura a cikin gwangwani, ko ni da na gani sai da tsigar jikina ta tashi.

Yaya tana magana, amma babu mai saurare, kowa tasa yake faɗa. Ni kuwa idona yana kan abin. Ba a cukurkuɗe gashin yake ba. Ƙananan kalaba ne siri-siri, an jera su a gefe guda na ƙyallen, irin waɗanda take sauko min da su ta ƙeya da gaban kunne. Ƙyallen kuma yana da igiya a kowane baki, tsawonsa daidai zagayen kan mutum. Sai na gane me ya sa rannan ta daɗe tana gyara min ɗankwali. Awo take yi.

Na san in na tsaya bayani ba mai ji na. Na saki ginshiƙin, na cire hijabi, na kama ɗankwalin na zare.

Iska ta bugi fatar kaina, sanyi har cikin ƙashi. Babu wanda ya taɓa ganin kan nan sai ni da madubi. Yanzu ga shi a gaban matan unguwa, waɗanda na sani tun ina yarinya, da waɗanda nake koyar da 'ya'yansu. Wasu suka sunkuyar da kai, wata ta toshe baki. Kunya ta kama ni kamar in nutse, amma na taka na zauna a tabarmar da waccan ta tashi, tsakanin gwiwoyin Yaya.

Na ce, "Yaya, gwada min."

Ta zare allurar ta soke a rigarta. Ta zagaya ƙyallen a kaina ta ɗaure a hankali, ta mayar da ɗankwalin a kai, ta rufe ƙyallen ruf. Na ji jelar kalaba tana taɓa min wuya. Wata tsohuwa daga ƙarshen benci ta leƙo ta ce, "Wallahi kamar nata."

Yaya ta ce, "Nata ne ai. Inna sun ce ba a sa na wata, shi ya sa na ce bari in yi mata da nata."

Sai ta juya ga Inna, hawaye yana zuba. Ta ce, "Inna, rannan da na ja kum, rabin kanta ya biyo hannuna. Shi zan dunƙule in sa mata a hannu? Ban iya ba. Da ta kira kuma, in na ce yana wurina cewa za ta yi in kawo, ga shi ban gama ba. Na yi ƙarya, wannan laihina ne. Amma ɗiyarku tun tana budurwa kanta yake cinyata."

Inna ta daɗe tana kallon wuyana. Daga ƙarshe ta sunkuya ta ɗauki hijabina daga ƙasa ta karkaɗe, ta ce, "'Yar nan, tashi mu je, iska na dukan ki."

Ba zan ce muku komai ya koma daidai a ranar ba. Wadda ta fita da rabin kitso ba ta sake dawowa ba, kuma rabin labarin ta tafi da shi. Akwai wasu ma da suka janye shiru, Yaya ta ji a jikinta na tsawon lokaci, ko da yake ba ta taɓa yi min ƙorafi ba. Inna ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, ba halinta ba ne. Amma Asabar ta gaba ta tsefe 'yar furfurarta ta je ta zauna a barandar nan tun safe, ta bar kowa ya wuce gabanta don duk mai shigowa ta gan ta a layi. Haka ta riƙa yi har ta koma Garwa.

Abin da Yaya ta ɗinka kuwa, in ba ku dariya, ban sa shi da yawa ba. Ga zafi ga ƙaiƙayi, a gumin garin nan minti kaɗan nake fara susa. Na sa shi na je wani suna, na sa na je makaranta gaida abokan aiki, shi ke nan. Amma tun daga ranar barandar na daina kwana da ɗankwali. Duk wanda nake ɓoye wa ya riga ya gani, sai na ji nauyi ya sauka. Gashin ya dawo bayan an gama magani, da laushi kamar na jariri, kuma har yau Yaya ce take yi min kitso.

Na daɗe ina jin haushin Inna a kan abin nan, don ni ina ganin rashin sani ne kawai da taurin kai. Sai da shekaru suka ja, ita ma ta riga mu gidan gaskiya, na fara juya abin da ta faɗa min a hanyarmu ta komawa gida ranar. Mun zo gadar katako, ƙafafuna suka ƙi, na zauna a kan wani dutse. Ta tsaya a kaina ta kare min rana da mayafinta. Na ce, "Inna, na gaya miki magani ne. Me ya sa kika ƙi yarda?"

Ta ce, "In mutum ne ya yi miki, na san gidan da zan je, na san abin da zan karɓo. In kuwa ciwon nan ne, gidan wa zan je, 'yar nan? Tun daga Garwa na taho, ba abin da na iya yi miki sai miya."

Na miƙa mata hannu ta ɗaga ni, muka ƙetare gadar tana riƙe da ni.